Agogon gudu: mai GPS zan saya ko mai auna bugun zuciya?

Abban_Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Wata biyar ke nan da na fara sassarfa bayan sallar asuba, tun da likita ya ce sukarina ya fara hawa, jikina kuma ya yi nauyi. Shekaruna 41. Nakan fita sau huɗu a mako wajen Filin Sukuwa a nan Kano, in yi minti 35 zuwa 40. Da farko waya nake riƙewa, manhajar Strava tana auna mini nisa. To makonni uku da suka wuce aka ƙwace wayar wani bawan Allah a kan idona, gari bai gama wayewa ba. Tun ranar ban sake fita da waya ba. Yanzu gudu kawai nake, ban san nisan da na yi ba, ban san ko ina ƙaruwa ba.

Na ware naira dubu 180 don agogo. Da na shiga kasuwa wani ya ce mai GPS, wato mai auna nisa ta tauraron ɗan'adam, zan saya, wani ya ce a'a, mai auna bugun zuciya ya fi muhimmanci ga mai shekaruna. Burina in iya gudun kilomita 10 ba tsayawa kafin ƙarshen shekara. Waɗanda suka daɗe a harkar, don Allah wanne ya kamata in sa a gaba?

Sadiq_Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kiyaye gaba. Bari in fara warware maka abu ɗaya: a yau kusan duk agogon gudu mai GPS na gaske yana auna bugun zuciya ma, don haka in ka sayi wannan ka samu biyun. Tarkon yana ɗaya ɓangaren ne. Agogo da yawa masu arha suna auna bugu, an kuma rubuta GPS a jikin kwali, amma babu shi a cikin agogon. Na wayarka suke ara ta Bluetooth. Ka bar wayar a gida, sai su koma ƙirga takunka suna kintacen nisa. Ga wanda matsalarsa ita ce ba ya son fita da waya, irin wannan bai yi masa maganin komai ba.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma ka yi shi a gaban mai shago. Ka kashe Bluetooth ɗin wayar da aka haɗa shi da ita, ka fita waje inda kake ganin sama, ka danna gudu. In yana da nasa, za ka ga yana neman tauraron ɗan'adam, cikin minti ɗaya ko biyu ya kama. In ya ce sai ka haɗa da waya, ka ajiye masa abinsa.

Kuma GPS ba ya cin data, ba ya buƙatar layi. Saurare kawai agogon yake yi, taurarin suna can sama da nisan kusan kilomita 20,000 suna aiko da saƙo, shi kuma ya lissafa inda yake in ya ji aƙalla huɗu daga cikinsu. Data sai ka dawo gida za ka tura gudun zuwa waya.

Ummu_Hanan:
Abin da Injiniya ya faɗa shi ya faru da ni. Maigida ya sayo mini wani, kyakkyawa da shi, na yi wata biyu ina murna wai kilomita 5 nake yi kullum. Ranar da muka bi hanyar da mota muka ga ba ta kai 4 ba. Na ji ciwon abin sosai, don na riga na saba faɗa wa mutane.

Baba_Tsohon_Soja:
Ɗana Abban Safiyya, ka saurari tsoho. Na yi shekara 28 ina gudu da kaki da takalmin soja, yanzu shekaruna 63 kuma har gobe ina fita. Agogon da ke hannuna Casio F-91W ne, mai agogon ƙirga lokaci, batirinsa na yin shekaru. Abin da za ka yi: ka hau babur ko mota ka auna hanyarka sau ɗaya, ka san daga wannan shatale zuwa wancan masallaci kilomita kaza ne. Shi ke nan. Kullum ka danna agogo in ka tashi, ka danna in ka iso, ka rubuta a littafi. In watan jiya kana yi a minti 38 yau ka yi a 35, ka ƙaru, ba sai tauraro ya gaya maka ba.

Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa. Kuɗin nan naka ka sayi takalmi mai kyau da su, don gwiwa ita ce ke fara kai ƙara ga mai nauyin jiki, ba wuyan hannu ba.

DanPankshin:
Baba, maganarka ta takalmi gaskiya ce, babu mai ja. Mu a nan Filato da muka taso, yaran da suka fi kowa gudu ba su taɓa ɗaura agogo ba, hawan duwatsu da sanyin safiya ne suka gina su. Amma ka tuna zamani ya juya. Eliud Kipchoge, wanda ya yi kilomita 42 a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, shi ma yana ɗaura agogon GPS, na kamfanin Coros. Ba agogon ne ya ba shi gudu ba, amma bai raina shi ba.

Kuma hanyarka tana aiki ne ga mai bin hanya ɗaya kullum. Wanda ke tafiye-tafiye fa? Ni aikina yau ina Jos, jibi Abuja, wani satin Bauchi. Ba zan riƙa neman babur ina auna titi a kowane gari ba.

Abban_Safiyya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Takalmi na riga na saya tun wata na biyu da gwiwa ta fara ciwo, kuma ta daina. Gaskiyar magana ganin lambobin nan a waya shi ke tashina daga shimfiɗa. Tun da na daina gani, sau biyu na fasa fita a makon jiya. Shi ya sa na damu.

Likita_Zariya:
Malam Abban Safiyya, kafin maganar agogo ina da tambaya: kana shan wani magani na hawan jini ko na zuciya? Ina tambaya ne saboda akwai irinsu atenolol da propranolol da ke rage saurin bugun zuciya. Mai shan su zai iya yin gudu har ya galabaita agogo na nuna masa 120, sai ya ɗauka bai yi komai ba ya ƙara wuta. Wannan haɗari ne, kuma agogo bai san kana shan magani ba.

Ni ina cikin masu ganin bugun zuciya ya fi nisa amfani ga wanda ya fara gudu don lafiya. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne gudu da ƙarfi kullum. Sai ya gaji, ya ji ciwo, ya bari. Mafi yawan gudunka ya kamata ya zama mai sauƙi, irin wanda za ka iya hira da na kusa da kai, ka faɗi jimla cikakkiya ba tare da haki ya yanke ta ba. Agogo na taimakawa a nan don yana tsawatar maka in ka zarce.

Amma a kula da lissafin da agogon ke yi. Yawancinsu suna ɗaukar 220 su cire shekarunka su ce wannan ne ƙololuwar bugunka. Kai zai ba ka 179. Akwai wani lissafin da aka fitar a 2001, wato 208 a cire kashi 70 cikin 100 na shekaru, kai shi ma 179 zai ba ka, amma Baba mai shekara 63 na farko zai ba shi 157, na biyu kusan 164. Dukansu matsakaici ne na jama'a. Mutum biyu masu shekaru ɗaya za su iya bambanta da bugu 10 ko fiye, sama ko ƙasa. Don haka in agogo ya ce kana cikin haɗari alhali kana hira lafiya lau, lissafinsa ne bai dace da kai ba.

Abin da ba a wasa da shi: ciwon ƙirji, jiri, ko haki da ya wuce ƙa'ida. Wannan ka tsaya ka je asibiti, ko da agogo ya ce komai lafiya.

Abban_Safiyya:
Likita, ba na shan komai tukuna. Jinina ya kan tsaya wajen 130 bisa 85, an ce in rage gishiri in ci gaba da motsa jiki. Na gode da wannan bayani, ban taɓa sanin maganar maganin ba.

Sadiq_Injiniya:
Tunda Likita ya kawo maganar bugu, ya kamata a san yadda agogon ke auna shi, don a nan ne mutane ke yaudaruwa. Koren hasken nan da ke walƙiya a bayan agogo yana shiga fata ne, jini ya shanye wani sashe, saura ya dawo. Duk bugu ɗaya jini na ƙaruwa a jijiya, hasken da ke dawowa ya ragu. Daga nan yake ƙirgawa. Kana zaune abin na tafiya daidai. Da ka fara gudu hannu na kaɗawa, agogo na motsi a kan fata, hasken waje na kutsawa, sai aikin ya yi wuya.

Matsalar da ta fi yawa ita ce agogo ya rikita bugun ƙafa da bugun zuciya. Mai gudu na yin taku 160 zuwa 180 a minti, wanda ya yi kusa da bugun zuciya. Sai ka ga kana sassarfa a hankali, lamba ta yi tsalle daga 135 zuwa 172 ta tsaya cak. Ba zuciyarka ba ce, takunka yake ƙirgawa. Maganin: ka matsar da agogon sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ka ƙara ɗaure shi yadda ba zai zame ba.

Wanda ke son ma'auni na gaske, ɗamarar ƙirji zai nema, irin Polar H10 ko ta Garmin. Ita ba haske take amfani da shi ba, lantarkin da zuciya ke fitarwa take ji, kamar na'urar asibiti. Batirinta ɗan ƙarami ne mai kamar kwabo, yana ɗaukar watanni. Sai dai da hunturu a jiƙa wurin da ke taɓa fata da ruwa kafin a ɗaura, don busasshiyar fata na sa ta ba da lambar banza a mintunan farko kafin gumi ya fito.

Kabiru_Ingila:
Ku faɗa masa gaskiya dai. Koren hasken nan ba don fatarmu aka yi shi ba. Baƙar fata na shanye koren haske fiye da fara. Ni nan muna gudu da Turawa, agogo iri ɗaya da na abokina, nasa na tafiya daidai, nawa na hauka, musamman da sanyi. Sai da na sayi ɗamarar ƙirji na huta.

Likita_Zariya:
Malam Kabiru, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma ba ta kai yadda ka faɗa ba. Gaskiya ne sinadarin da ke sa fata duhu yana shan koren haske. Sai dai wani bincike da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka, aka wallafa a 2020, ya gwada agoguna da dama a kan mutane masu launin fata daban-daban bai ga bambancin a-zo-a-gani ba. Abin da ya gani shi ne kuskure na ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100 lokacin motsa jiki in aka kwatanta da zama, ga kowa da kowa. Masu suka sun ce masu duhun fata sosai a cikin binciken kaɗan ne, kuma sukar tana da tushe.

Kai kuma ka ambaci sanyi. Sanyi na sa jijiyoyin fata su tsuke, jini ya ragu a wuyan hannu, wannan kaɗai ya isa ya rikita agogo. Mutanen Jos za su ba da shaida a watan Disamba da Janairu.

DanPankshin:
Na ba da shaida Likita. Da asubar hunturu minti goma na farko ba na ma kallon lambar.

Maman_Ilham:
Ni tambayata ta mata ce, ku yi haƙuri in na kauce. Lokacin bikin ƙanwata aka yi mini lalle baƙi har saman wuyan hannu. Sati biyu agogona bai ba ni bugu mai ma'ana ba, wani lokaci ya ce 60 ina haki, wani lokaci ya ɓace gaba ɗaya. Da lallen ya kode ya dawo daidai. Yanzu nakan ce wa mai lalle ta bar mini wurin agogo a hannun hagu. 'Yan'uwa mata masu tafiya ko gudu su san da wannan.

Sai kuma maganar alwala. Ina cirewa sau biyar a rana, har igiyar ta fara tsagewa wajen ramin. Ruwa na ɓata shi ne in an bar shi?

Sadiq_Injiniya:
Hajiya, ki duba bayansa ko takardarsa. In an rubuta 5 ATM, ruwan alwala da wanka da ruwan sama ba sa yi masa komai, har iyo ana yi da shi. Abin da ke cutar da shi ruwan zafi ne da sabulu, da danna madanni a cikin ruwa. Maganar lalle kuma ta yi daidai da abin da kamfanonin da kansu ke faɗa game da zanen tawada a fata, duk abin da ya tare haske zai hana shi aiki.

Malam_Auwal:
Ƙari a kan haka, ko da ruwa ba ya ɓata shi, wajibi ne ruwan alwala ya taɓa fatar da ke ƙarƙashinsa. Agogon gudu ana ɗaure shi tamau. A sassauta shi a motsa, ko a cire. Allah ya sa mu dace.

Issa_Yamai:
Salamu alaikum. Ni nan Yamai nike, muna gudu da safe kusa ga filin wasa na Seyni Kountché. Abu guda nika son in ƙara wanda ba a taɓo ba: batir. Ɗan'uwa, kada ka sayi agogon da sai an yi mishi caji kullum. Apple Watch kamfanin da kanshi ya yi shekaru yana cewa awa 18 yake yi, kuma sai da iPhone yake aiki. Ga wanda ke zaune inda kuran, wato wutar lantarki, ke zuwa yana tafiya, wanga wahala ce. Ka tashi da asuba ka iske shi a mace, ranar ta tafi. Nawa nikan yi mishi caji sau guda cikin kwana goma sha biyu, da ɗan bankin caji na waya ma ya isa.

Na biyu, zafi. Watan Afrilu nan zafi na wuce maki 40. Hanyar da nika yi da bugu 140 cikin Janairu, ita ce nika yi da 155 cikin Afrilu, gudu iri guda. Da GPS kaɗai nika kallo sai in ce na lalace, in matsa ma kaina. Bugun zuciya ne ya koya mini cewa zafi ke cin ƙarfina, in sassauta. Don haka ni ina bayan Likita.

Shamsu_Kurna:
Ku yi hattara da jabu. Bara na sayi wani a wata kasuwar waya, mai shago ya rantse yana auna bugu, jini, sukari, komai. Da na zo gida na cire shi na ɗora a kan tebur, wallahi ya ce teburin na bugawa 78. Na ɗaura wa kwalbar ruwa, ya ce 82. Lambobi kawai aka shirya masa yana zubowa. Na mayar aka ce an riga an buɗe kwali.

Malam Abban Safiyya, kai da ke da maganar sukari, kada wani ya ce maka agogo na auna sukari ka yarda. Na roƙe ka.

Likita_Zariya:
Shamsu ya faɗi abu mai muhimmanci. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2024 cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. A ci gaba da amfani da na'urar da ake tsira wa yatsa.

Nura_42k:
An yi ta bayani ba a ba bawan Allah sunan abin da zai nema ba. Bari in kira suna. Garmin Forerunner 55, ya fito a 2021 a kan dala 200. Yana da GPS nasa, yana auna bugu, batir na kai sati biyu in ba a gudu, awa 20 in GPS na kunne. Madanni gare shi, ba shafa fuska ba, wanda ya fi daɗi in hannu ya jiƙe da gumi, kuma fuskar tana ƙara fitowa ne a cikin rana. Sai Coros Pace 3 na 2023, dala 229, mara nauyi ƙwarai, GPS ɗinsa na kai awa 38. Wanda ya gabace shi, Pace 2, shi ma har yanzu agogo ne mai kyau.

Da canjin yanzu sabonsu zai fi ƙarfin dubu 180. Hanya biyu ce. Ko ka nemi na hannu, don masu gudu a Turai da Amurka na yawan sauya agogo, tsofaffin na shigowa. Ko ka duba Amazfit, akwai irinsu Bip 5 da ke da GPS a ciki kuma sun fi sauƙin kuɗi.

In na hannu ne, ka duba abu uku. Ka cika shi da caji ka kunna GPS awa ɗaya, in ya ci fiye da kashi 10 cikin 100 batirin ya tsufa, kuma canza shi ba abu ne mai sauƙi ba. Ka duba gilashin bayan da hasken ke fita, kada ya zama ya tsage. Ka tabbata an ba ka wayar cajinsa, don kowane kamfani da irin bakinsa, ba ta waya ba ce.

Kabiru_Ingila:
Na yarda da Nura a kan Forerunner 55. Kuma yana karɓar ɗamarar ƙirji, in ya samu kuɗi daga baya sai ya ƙara.

DanPankshin:
Tunda an caccaki ma'aunin bugu, a yi adalci, GPS ma ba ma'asumi ba ne. Na yi gudun fanfalaki na Legas, wanda ake yi tun 2016, yawanci a watan Fabrairu. Nisan a hukumance kilomita 42.195 ne, agogona ya ce 42.7. Na ji mutane a wurin gamawa suna cewa an ƙara musu hanya. Ba haka ba ne. Masu auna hanyar tsere da keke suke aunawa, suna bin layin da ya fi kowane gajarta, suna yanke kowace kwana. Kai kuma kana kauce wa mutane, kana ratsewa wajen ruwa. Ga shi agogon kansa na ɗiga alama ne duk daƙiƙa yana haɗa su da layi, ɗan kuskure hagu da dama na taruwa ya zama nisa. Tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin gada abin ya fi muni, don saƙon na dukan bango kafin ya iso. Sababbin agogunan da ke sauraren saƙon tauraro a zango biyu, da kuma taurarin Turai da Rasha da Sin ban da na Amurka, sun rage wannan. Amma a Kano inda sama take a buɗe ba sai ka biya kuɗin wannan ba.

Kana son sanin gaskiyar agogo, ka je filin wasa mai layin tsere. Layin ciki mita 400 ne, zagaye 25 kilomita 10 cif. Ka tsaya a layin farko fa, don na biyu ya fi shi da mita 7 da ɗoriya, na takwas ya haura 450.

Hajara_Kd:
Ni abin da ke damuna daban ne, kuma ya shafi dalilin da ya sa Malam ya bar waya a gida. Duk agogon da ka saya, za ka tura gudun zuwa Strava ko makamanciyarta. In ba ka gyara saiti ba, kowa na iya ganin taswirar: ƙofar da ka fito, ƙarfe nawa, ranakun da kake fita. A farkon 2018 taswirar Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojojin na zagaye suna gudu da agogo a hannu. In haka ta faru da su, ina ga mu da yanayin tsaron da muke ciki? Ka ɓoye farko da ƙarshen hanyarka, akwai wurin yin haka a saiti. Ka mayar da shafin sai wanda ka amince wa. Ni ba na danna agogo sai na yi nisa da layinmu.

Abban_Safiyya:
Subhanallah. Hajiya Hajara, wata huɗu shafina a buɗe yake. Yanzun nan na shiga na rufe. Allah ya saka da alheri.

Baba_Tsohon_Soja:
Kun gani ko? Casio ɗina bai taɓa gaya wa kowa inda gidana yake ba. Amma 'yata Hajara ta yi magana ta hankali, kuma na ji bayanin yaron nan na Yamai a kan zafi, haka ne, mun sha ganin ƙarti sun faɗi a fareti da bazara. Mu da yatsu biyu muke aunawa a gefen wuya, a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Ko ka sayi agogon, ɗana, ka koyi wannan, ka riƙa gwada shi da shi.

Ummu_Hanan:
Likita, azumi fa? Maigida na son fita kafin buɗa-baki, ni kuma ina jin tsoro.

Likita_Zariya:
Hajiya, a ƙarshen yini ruwan jiki ya ragu, jini ya ragu, zuciya na ƙara sauri don ta cike gurbin. Shi ya sa bugu ke hawa a hankali ko da gudun bai ƙaru ba. In lafiyarsa ƙalau, tafiya ko sassarfa mai sauƙi ta minti 20 zuwa 30 dab da magariba ba laifi, gudu mai ƙarfi a bar shi sai bayan an sha ruwa. Mai shan maganin sukari kuma sai ya tambayi likitansa tukuna. Wani amfanin agogo da ban faɗa ba: bugun da yake nunawa in ka farka da safe. In kullum 62 ne yau ka ga 75, sau da yawa zazzaɓi ne ke tafe ko barci bai isa ba. Ranar a huta, kuma ba a gudu da zazzaɓi a jiki.

Abban_Safiyya:
Na karanta komai sau biyu. Ga inda na tsaya: wani abokin aikina ya ce ƙaninsa na da Forerunner 55 na hannu, shekara biyu yana amfani da shi, zai bar mini a dubu 150. Sannan na ga sabon Amazfit mai GPS da garanti, kuɗinsa bai kai haka ba, har zan samu canjin da zan fara tarin ɗamarar ƙirji. Wanne za ku ɗauka in ku ne?

Nura_42k:
Garmin ɗin, in ya ci gwajin batir. Ka ce ya ba ka shi kwana uku ka fita da shi. Kuma ka taya ƙasa, shekara biyu ba kaɗan ba ce.

Shamsu_Kurna:
Ni dai bayan abin da ya same ni, sabo mai garanti daga wurin da za ka iya mayarwa. Na hannu in ya mutu bayan wata biyu wa za ka kama, ƙanin abokin aikinka? Zumunci zai ɓaci a banza.

Issa_Yamai:
Ko wanne ka ɗauka, ka tambayi kwana nawa batir ke yi in ana gudu sau huɗu a sati, ba wanda aka rubuta ga kwali ba.

Sadiq_Injiniya:
Akwai hanya ta uku da na manta. Polar H10 na iya ajiye gudu ɗaya a cikinta. Ka kunna ta daga waya a gida, ka bar wayar, ka dawo ka sauke. In ka haɗa ta da Casio da hanyar da aka auna irin ta Baba, ka samu bugu mafi inganci a kuɗin da bai kai na agogo ba. Illarta ba za ka ga lambar ba sai ka dawo, kuma babu taswira.

Likita_Zariya:
Injiniya, amfanin ai ya gani yana cikin gudun don ya sassauta. In sai ya dawo gida, an riga an yi.

Maman_Ilham:
Malam, in ka karɓo na gwajin don Allah ka dawo ka faɗa mana nawa batirin ya ci a awa ɗaya. Nima ina neman wa ɗana, zai shiga gwajin ɗaukar soja kuma an ce akwai gudu.

Baba_Tsohon_Soja:
Maman Ilham, ki turo mini shi ta akwatin saƙo. Wannan ba agogo yake buƙata ba tukuna, ya fara fita ƙarfe biyar da rabi, sau biyar a mako, ni zan tsara masa.